Baba Yidana Ya Ƙi Kaɗa Gudu

Kalpohin, Tamale
Litinin

Yaya Abdulgafaru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Humu da yara. Na sa takardar nan cikin ambulan ɗin hotunan wasan talabijin da muka ɗauka, direban bas zai miƙa maka.

Za ka ga babu yaƙin kashi na sha biyu. Ka tuna dabarar da ka sa na rubuta: rundunar Inuwa makafi ne, sauti suke bi. Makaɗin Sarauniya Gambara zai kaɗa "ku gudu" na ƙarya, mayaƙanta su yi kamar sun watse, Inuwa su biyo su cikin kwazazzabo inda maharba ke jira da kiban wuta. To, Baba Yidana, tsohon da ke fitowa a makaɗin, ya ƙi. Ya ce kalangu magana yake yi, kuma rabin garin nan suna jin abin da yake faɗa. Shekara arba'in yana kiɗa a wajen suna da biki, bai taɓa sa shi ya yi ƙarya ba. Na ce, "Baba, ai wasa ne." Ya ce, "Ke kika san wasa ne, kalangun bai sani ba."

Yaya za mu yi?

Ƙanwarka,
Zuleiha

Accra
Laraba

Zuleiha,

Wa'alaikumus salam, duk muna lafiya. Ni ke shirya wasan nan, ba kalangu ba. Ki sallami tsohon, ki sa wa wani rigar makaɗin, sautin mu ɗora daga kwamfuta. Wa zai lura? Gidan talabijin na jiran kashin nan ran Litinin. In bai zo ba za su ba wasu lokacinmu. In kin kasa, in turo wanda zai iya, ke ki koma gida ki huta.

Yayanki,
Abdulgafaru

Kalpohin
Asabar

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban sallame shi ba, kuma ba zan sallame shi ba. Ka ce wa zai lura? Zaman Accra ya toshe maka kunne, Yaya. Masu shayi a Choggu sai su yi mana dariya har shekara ta zagayo. In kana so ka turo wani, turo, amma ya fara kallon abin da ke cikin ambulan ɗin nan.

Na bi Baba har gidansa a Kanvili, muka zauna a tabarma muka sake yaƙin. Yanzu Sarauniya da hannu take ba mayaƙanta alama su janye shiru. Makaɗin kuwa ya sauka tsakiyar kwazazzabon shi kaɗai, yana kaɗa "ku tsaya, ba gudu," yana kiran sunayen kakannin mayaƙa. Inuwa suka bi sautin, suka taru a kansa, maharba suka saki wuta. Na faɗa masa a fili cewa in aka yi haka makaɗin zai mutu, aikinsa da mu ya ƙare ke nan. Ya ce to, ya mutu.

Sau huɗu muka ɗauka. Samarin da muka ɗauko su fito a mayaƙa, yawancinsu masu babur ne, da suka ji Baba na kiran kakanninsu na gaske sai suka ƙi janyewa. Ina ta ihu su matsa, wani Wumpini ya tsaya ƙyam da mashin katako, yana hawaye. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ban nemi izininka ba, na sani. Ko gobe ma haka zan yi.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Zuleiha

Accra
Talata

Zuleiha,

Sallama. Na kalla sau uku, Humu ta hana ni kashe sautin. Kada ki taɓa komai. Mutanen gidan talabijin sun ce makaɗin nan shi ne wasan, suna so ya dawo. Ai duniyar aljanu ce, ki rubuta cewa wutar ba ta ci shi ba. Ki gaida min Baba da kyau, ki roƙe shi.

Yayanki

Kalpohin
Alhamis

Yaya,

Na gaishe shi, yana amsawa. Na roƙe shi kamar yadda ka ce. Ya ce kafin wutar ta sauka ya kaɗa ban kwana, kuma duk Tamale za su ji; in ya dawo, kalangu ya yi ƙarya ke nan. Ya kawo min rigar a ninke, a wanke, ya hau bayan babur ya tafi wani suna a Choggu.

Ni ma ba zan rubuta ba.

Ka huta lafiya,
Zuleiha