Haƙorin Da Bai Fito Ba

Yaya Hadiza,

Ina gaishe ki da kyau. Ya Damagaram, ya maigidan da yara, ya ƙafar taki?

Da takaici nake rubuto miki. Ranar Juma'a na leƙa Diguel gidan ƙaninmu Sani, na tarar da jaririyarsa Ummi jiki rau da zafi. Ta ƙi nono, numfashi sama-sama, ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa duk ta ja iska. Na ce a tafi asibiti. Goggo Abu ta ce, "Ke dai akwai ɗaga hankali! Haƙori ne, duk haka kuka yi." Sani kuwa, ƙato da gemu, ya gyaɗa kai yana latsa waya. Ragowar maganin ɗan maƙwabta suke ɗura mata. Tir!

Na goya ta, ni da uwarta muka hau mashin. Likita ya ce ciwon huhu ne, da mun ƙara kwana da sai dai wani labarin. An yi mata allurai, yanzu tana kama nono.

Ki kira Sani, maganarki yake ji. Ki sa Ummi a addu'a, ki gaishe min da kowa. Haƙorin kuwa, ɗazu na duba bakinta, ko alamarsa babu.

Ƙanwarki,
Balki