Fedal Biyu da Amsata ga Sojoji

Liyon, Maris 1985

Yaya Lawali,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya mutanen Kirkissoye da wannan fari? Ni lafiya lau, sai sanyi da aikin goge bene, waɗanda ba su kashe kowa.

Ka ce in nemi gafarar sojoji in dawo gida. Gafarar me? Na yi waƙa cewa rumbuna wayam, suka raba ni da koyarwa. To, da na yi shiru an yi ruwa?

Jiya na je zaɓen fedal, ɗan akwatin da ake takawa ya sauya muryar gitata bas. Mai kanti ya ce bas ba ta son ado, aikinta tsayawa a baya. Na ce haka ake gaya wa mata ma. Na ɗauki biyu: korus, mai sa sauti rawa kamar kawalwalniya, da eko, mai maimaitawa.

Kaset na nan tafe. Babu kalma ko ɗaya a ciki, amma duk Yamai za ta gane waƙar. Sun hana ni faɗi sau ɗaya. Yanzu in na taɓa tsirkiya, sau bakwai take faɗi.

Ka sa wa Inna. Allah ya ba mu damina.

Ƙanwarka,
Rakiya