A Dawo Min da Tukunyar Inna Kafin Asabar

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rarraba Shara na unguwanninmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ranka ya daɗe, ka yi min afuwa idan ka ga rubutun nan yana tsalle, murna ce ta yi min yawa. 'Yata Hauwa ta haihu ranar Asabar, bayan shekara tara da aure, kuma 'yan biyu! Namiji da mace! Ko mai kayan miya na tsaya a wajensa sai na ba shi labari. Jiya sukari na zuba a miyar kuka, aka sha a haka ana dariya. Da ƙyar nake haɗa fuskar mai ƙorafi, amma ƙorafi gare ni, babba kuwa: ma'aikatanka sun ɗauke min tukunya.

Na farko, ka san ni taku ce. Tun da gwamnati ta fito da tsarin rage shara da sake sarrafa ta, ka tara mu ka ce roba daban, leda daban, ƙarfe da alminiyam kuma a ajiye a ƙofar gida ranar Asabar. Ni na bi gidajen layinmu a Gyadi-Gyadi ina maimaita wa mata, har suka laƙaba min Kansilar Bola. Na ji daɗin sunan ma. Kwatarmu da ledar ruwa ke toshewa duk damina yanzu gudu take yi, kuma ba na da-na-sani.

Na biyu, ga yadda abin ya faru. Tukunyar nan ta aro ce ga duk unguwa, shinkafa kwano goma sha biyu take ci. Ba a biyan komai, sai dai ba a dawo da ita haka nan: a wanke ta fes, a jefa sabulu a ciki, in ba a tarar da ni ba a bar ta a bakin zaure. Shekara da shekaru haka ake yi, ko murfi bai taɓa ɓata ba. Maƙwabciyata Maman Ngozi ta are ta don taron godiya a cocinsu. Ta dawo da ita da safiyar Asabar, ta tarar da gida a kulle, don na ruga asibiti da takalmi wari da wari. Ta ajiye ta inda aka saba. Ƙarfe tara motarku ta iso.

Malam Sani mai wanki yana kallo, mutum huɗu suka ɗaga ta suna murna. Na ce masa ya ka yi shiru? Wai ya ɗauka misali nake nunawa a matsayina na shugaba, har ya sa min albarka! Wallahi a tsakiyar titi na tuntsire da dariya, sai da na shiga ɗaki na ji hawaye. Maman Ngozi kuwa har yau ta kasa haɗa ido da ni, alhali ba ta da laifi.

Na uku, wannan tukunya ta riga tsarinku sanin sake sarrafa kaya. Mahaifiyata, Inna Rabi, Allah ya jiƙanta, ta yi shekaru tana tara fasassun tukwane da ludayi da butar shayi a ƙarƙashin gado, sannan ta kai wa maƙeri ya narka ya zuba mata ita. Sunanta na nan a jiki, kunne ɗaya ya ɗan karkace. A cikinta aka yi girkin aurena da na Hauwa. Duk shekarun da Hauwa take yawon asibiti, Inna cewa take a bar kuka, da wannan tukunya za ta dafa shinkafar suna. Bara ta rasu ba ta gani ba.

Saboda haka ina roƙo. A duba wurin da kuke tara kaya yau yau ɗin nan, kafin a kai wa masu narkawa. Suna Asabar mai zuwa ne, an gayyaci dangi daga Hotoro har Darmanawa. Na san zan samu tukunyar haya, amma ba ita nake nema ba. Sannan a gaya wa ma'aikata, abin da suka gani a wanke da sabulu a ciki ba shara ba ne, su yi sallama kafin su ɗauka. Kada a kori kowa saboda ni, wannan makon ba na iya fushi da mutum. Su huɗun ma ina gayyatarsu, da kai, ku zo ku ci.

Idan kuwa an riga an narkar da ita, kada a ɓoye min. A bi sawun alminiyam ɗin, a zuba min 'yan ƙananan tukwane biyu daga jikinta, ɗaya ta Hassan, ɗaya ta Usaina. Ko kunu ne zan dama musu a ciki, in cika wa Inna maganarta.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuriya, ya nuna maka irin farin cikin da nake ciki.

Wassalam.

Taka mai goyon baya,
Asma'u, Kansilar Bola kuma kakar 'yan biyu,
Gyadi-Gyadi, Kano.