Yaɓen Ɗakin Iya

Zuwa ga kakata Iya, matata ta wasa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Jikanki ne Sabi'u, wanda ya taɓa ɗaure miki bakin zani a ƙafar gado kina barcin rana.

Ƙara na kawo miki, kuma ƙarar kaina ce. Tun da kika rasu bayan girbi, Baba ya ce in yaɓe rufin ɗakinki kafin damina, in ba haka ba soron zai rufta a kan kayanki. Ga shi hadari ya fara haɗowa daga gabas, maƙwabta sun gama kai taki gona, ni ko ƙasa ban kwaɓa ba. Jiya Baba ya dubi rufin, ya dube ni, ya wuce. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shi ne yau na ɗauko takarda da tawadar allo, na ce bari in rubuta abin da ya hana ni, ko zan gan shi da idona.

Na rubuta cewa jakinmu na ɗingishi. Sai na tuna cewa da shi na kai dawa kasuwar Makoda. Na rubuta cewa rijiya ta ja baya. Ai da ruwanta na wanke wa abokina babur. Duk wanda na rubuta sai in ji muryarki kina cewa, “Mijin nan nawa, ƙaryarka ma raguwa ce.”

Da uzuri ya ƙare, alƙalami ya tsaya. Na daɗe ina kallon takardar kafin in rubuta na gaskiya.

Kin tuna yadda kike rama tsokanata? Ki kwanta kina nishi, ki aika a ce mini matata ba lafiya. In shigo a guje, ki cafke mini kunne kina dariya. Sau uku kina kama ni da wannan.

Ranar Larabar nan ta bayan girbi ina dandali ana hira, Inna ta leƙo ta ce kina kirana, jikin ya motsa. Na ce ta gaya miki angon ya yi wayo, ki sake dabara. Kowa ya yi dariya. Ban tashi ba sai da aka kira la'asar. Na iso na tarar an rufe miki fuska.

Iya, ba lalaci ba ne. Mai yaɓe dole ya shiga ciki ya duba azara, ni kuwa tun ranar ban taka ɗakin ba. Rabina yana so ya gyara miki shi, rabina gani yake ba shi da fuskar shiga. Mutane na cewa har yanzu Sabi'u bai bar shiririta ba, na bar su a haka, don ya fi sauƙin ɗauka.

Ban san me kika so gaya mini ba. Ba zan sani ba.

A bakin ƙofarki nake rubutun nan. Na karɓo makulli wurin Inna, yana aljihuna. Ban yi miki alkawarin gobe ba, kin san gobena. In na ajiye alƙalami zan yi sallama in shiga, ko ba mai amsawa.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ni ma ki yafe mini.

Naki, angon da ya makara,
Sabi'u