An sallame ni daga shago, amma makiyaya ba su daina kirana ba

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Wanda ya san zagi kawai ya iya, ya wuce abinsa, zagin da na yi wa kaina ya ishe ni. Shawara nake so, kuma da gaggawa, don akwai rai a cikin maganar nan ko da ba na mutum ba ne.

Ni budurwa ce, iyayena suna wani ƙauye can wajen Gidan Rumji, ni kuma ina zaune a Agiye wajen gwaggota. Na yi lakol, wato boko, har na shiga lise, babbar sakandare, ban ƙarasa ba. Na samu aiki a shagon maganin dabbobi na wani dattijo, tsohon likitan dabbobi ne da ya ajiye aikin gwamnati, kowa Malam yake ce mashi. Ya san aikinsa, wannan ba zan yi mashi ƙarya ba. Amma wayarsa irin ƴar ƙaramar nan ce mai tocila, hoto ba ya shiga, wasap kuwa ko sunansa ba ya son ji. Ni ke da babbar waya. Ranar da mai fenti ya zo rubuta allon shago, Malam ya juyo ya ce, "Ɗiyata, faɗa mashi lambarki." Shi ke nan fa. Wa ya tambaye ni ko na yarda?

Daga nan wayata ta zama ta shago. Makiyayi yana can daji wajen Gangara ko bayan Cadawa, sai ya ɗauki hoton ƙafar sa ko bakin tunkiya, ya haɗa da saƙon murya ya turo mani. In kunna wa Malam, ya saurara, ya yi tambayoyinsa, ya faɗi magani da yadda za a ba da, ni kuma in maida masu da muryata. Ranar kasuwa su zo ko su aiko a karɓa. Lambar nan ta bi rijiyoyi da rugage, wannan ya ba wancan, har wasu suna ce mani likita. Ba ranar hutu, ba lokacin cin abinci. Ina cikin wanka tana ƙara, ina kan sallaya tana ƙara. Ƙawayena da muka yi lakol tare suka gaji da kira suna samun layi a cike. Wata da ta yi aure a Maradi ta taɓa ce mani, "Ke yanzu sai mutum ya zama akuya kafin ki amsa mashi." Na yi dariya na ce zan kira ta da yamma. Ban kira ba. Ita ma ta daina.

Ni ba na iya riƙe magana a ciki, wannan halina ne. Na sha ce wa Malam ya sayi wayar shago, yana cewa sai bayan damina, sai bayan kaka. Wata rana wayar ta cika da hotunan zawon ƴan maruƙa har ta ƙi buɗewa, mai gyara ya wanke ta, hotunan bikin yayata duk suka tafi. Na dawo shago raina a ɓace, ga mutane zaune a benci, Malam ya ce, "Ina kika shiga, ana ta neman layi?" Na ce, "Malam, wai wayar nan gado ka ci ko ni na saya? In rowa ba za ta bar ka ka sayi taka ba, ka rufe shagon mana." A gaban dattawa na faɗa. Ya dube ni, ya ce, "Ajiye mabuɗin. Allah ya ba ki wanda ya fi ni." Kafin in fita ya ƙara da cewa, duk wanda ya kira in gaya mashi na bar aiki, in ba shi lambarsa. Kashegari aka shafe lambata daga allo.

To amma makiyayin da ke daji allo yake karantawa? Ni suka ci gaba da kira. Ranar farko don haushi na ƙi faɗa. Na ce bari Malam ya ɗanɗana. Sai kwanaki suka fara tafiya, gwaggo ta fita tun da safe wajen sana'arta sai magariba, ni kaɗai a gida da kaji. Na zauna ina duba sunayen da ke wayata, wallahi daga sama har ƙasa: Buba mai tumaki, Jauro bakin rijiya, mai jan sa, mai raƙumi. Nawa mutanen ba su cika tafin hannu ba, su ma rabon da mu yi magana har na manta. In wayar nan ta yi ƙara aka ce, "Likita, ina kwana?" sai in ji kamar ni ma wata ce. In ce masu na bar aiki, wa zai sake kirana? Kun gane? Sai na ci gaba da amsawa kamar ina zaune bayan kanta. Abin da na san Malam yana faɗa, in faɗa. Wanda ya fi ƙarfina in ce su zo shago ranar kasuwa, in sun je ba su gan ni ba in ce an aike ni.

A cikinsu akwai wata tsohuwa bafillatana daga wajen Gangara, bari in kira ta Inna Altine. Ba mu taɓa ganin juna ba, ɗanta take aikowa. Amma ita kaɗai ce in ta kira ba da dabba take farawa ba. Sai ta ce, "Ɓingel am, ɗiyata, kin ci abinci? Muryarki yau ba daɗi." Ta ba ni labarin jikokinta, da surukarta da ba ta iya dama fura ba, mu yi ta dariya. Ta taɓa aiko mani man shanu a ƴar kwalba. Tana da saniya guda da take ji da ita, wadda da uwarta Inna ta zo gidan miji, nononta take sayarwa, shi jikokin ke sha.

Satin da ya wuce ta turo hoto, ƙafar saniyar ta kumbura, tana ɗingishi. Ta ce, "Ki nuna wa Malam." Na duba hoton na ce ai wannan na sha gani. Na tuna ɗanta ya taɓa sayen allurar kumburi don wani sa, na tambaya ko da saura, ta ce akwai. Na ɗan jira kamar mai shawara da wani, sannan na tura mata, "Inna, Malam ya ce a yi mata wannan." Da bakina na ce Malam ya ce.

Ba a jima ba saniyar ta yi ɓari. Ashe tsohon ciki gare ta. Ina jin saƙon, a take na tuna, duk lokacin da za a ba da allurar nan sai Malam ya ce, "Tambaye shi, mace ce? Tana da ciki?" Sau nawa na maimaita tambayar nan da bakina? Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka surutun tsufa ne. Inna kuwa ko a ranta ba ta haɗa abin da allurar ba. Cewa ta yi, "Allah ya karɓi abinsa, ɗiyata, ɗan maraƙi namiji ne, har gashi ya fito." Ita ke ba ni haƙuri. Ni!

Abin bai tsaya nan ba. Mabiyiya ta ƙi faɗowa. Saniyar ta daina tuƙa, jikinta zafi, Inna ta ce har wari ya fara. Ta ce, "Me Malam ya ce?" Sai na ƙara wata ƙaryar, na ce ya tafi Maradi sayen kaya, ana sa ran shi. Na ce ta nemi likitan dabbobi na wajensu kafin ya dawo. Kun san me ta ce mani? "A'a, ɗiyata. Wancan yaron ban san hannunsa ba. Mu jira Malam, ni dai da ke da shi kawai na yarda." Malam kuwa yana nan zaune a shagonsa, jiya ma na hango shi daga bakin hanya yana shan shayi, na sauya lungu.

Yau da safe ta sake turo saƙo. Saniyar ta kwanta, sai an tallafa mata take tashi. Ta ce ta hana ɗanta ya yanka, don ta san Malam yana dawowa. A ƙarshe ta ce, "Ke ma na ji ki shiru, ko ba ki da lafiya ne?" Na saurara ban amsa ba, kuma ta ga alamar na saurara.

Na san abin da za ku ce, ki je wajen Malam. In na je, dole in gaya mashi na yi amfani da sunansa na ba da magani, mutumin da na ci wa mutunci a gaban jama'a. Yana iya kai ni wajen jandarma, kuma da gaskiyarsa. Ko bai kai ba, Agiye ƙaramin gari ne, kafin la'asar gwaggo ta ji, kafin Juma'a babana ya ji. In kuma na tura wa Inna lambarsa kawai na yi shiru, kalma biyu za su yi ya gane, ita ma ta gane, ta ji daga bakin wani cewa ɗiyar da take tambaya ko ta ci abinci ita ta kashe mata maraƙi. In na faɗa mata da kaina, ban san da wace murya zan fara ba. Na danna wajen ɗaukar saƙo na ce "Inna", na goge, na sake, na goge.

Kuma bari in faɗi wanda ya fi muni, tunda ba ku san ni ba. Ina tausayin saniyar, Allah ya sani. Amma abin da ke riƙe mani hannu, na san daga ranar da na faɗa, ba mai sake tambayata ko na ci abinci.

Saniyar ba za ta jira in gama jin kunya ba. Wa zan fara fuskanta, Malam ko Inna, kuma da wace kalma zan buɗe baki? Don girman Allah ku amsa mani yau. Me zan yi?