Ƙwallon Gilashin da Ya Ƙi Tsayawa

Litinin, 3 ga Maris

Tarihi ya shaida: ni, wanda ya yi furfura a kan matsefatar haske, wato injin kama ƙananan abubuwa da haske, yau ƙwallon gilashin da ido ba ya gani ya raina ni. Ƙa'ida ita ce hasken leza ya riƙe shi, in auna 'yar rawar da yake yi, in san ƙarfin riƙon. Sai an saita wannan za a ja ƙwayar jini a san taurinta. To, ba rawa yake yi ba, bori yake yi. Ga jinin 'yar ƙanwata mai sikila a firiji, kuma bayan Juma'a ya tashi daga aiki. Da bakina na ce mata, "Kawunki zai duba."

Talata, 4 ga Maris

Na gano mai laifi: takalmin Dakta, abokiyar aikina. Ƙwas-ƙwas kamar doki a kan kwalta! Na yi mata jawabi mai ratsa zuciya a kan girgizar ƙasa. Ta tuɓe takalmin, ta ce, "Allah ya huci zuciyar Farfesa." Ƙwallo bai fasa borinsa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na kashe fanka. Na hana shara. Na yi wa mai gyaran famfon bene na sama huɗuba. Mugunta ce, ba wani abu ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Cin mutunci! Dakta, da safa a ƙafa, ta nuna mini allon injin ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗan sake cewa 'rashin tarbiyya'." Na faɗa. Layin awo ya yi tsalle. Wai muryata ce, da hannun da nake bugawa a tebur. Wai da na fita salla ƙwallon ya kwanta lumui. Na fara bayyana mata cewa wannan ƙazafi ne, layin ya kusa fita daga allon. Har injin ma an saye shi.

Ƙanwata ta bugo waya: "Yaya, yarinyar nan tana ta tambaya." Na ce ana kai.

Juma'a, 7 ga Maris

An saita. An ja ƙwayoyin, awo ya fito tas. Na yini bakina a rufe, hannuwana a aljihu, saboda maƙogwarona ne ke ɗan ciwo, kada wani ya fassara shi da wata manufa. Da Dakta za ta tafi na yi niyyar in ce mata wani abu, amma ƙwaya ta ƙarshe tana cikin haske. Sai na ɗaga mata hula.