Rabin Sa'a Tsakanina da Ramzi

Umma,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba? Ya mutanen Aswan?

Lafiyata ƙalau. Matan ƙauyen nan suna girmama ni, ungozomarmu suke kirana, sai dai in na tashi aiki ba ni da abokin shan shayi.

Kin tambayi autanki Ramzi. Jami'arsu a Asyut tafiyar rabin sa'a ce daga nan, amma wata huɗu rabona da shi. Ran Juma'a ya ce, "Yaya, ina tafe." Na yi miyar lalo, na jira har la'asar, na ci ni kaɗai.

Kada ki yi masa faɗa, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa. Ki dai gaya masa wannan Juma'ar ma zan dafa.

'Yarki,
Sabah